Kurakuran da Masu Masana'antu Ke Yi Wajen Zaɓen Rukuni a Ƙungiyar MAN

Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya, MAN, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Ikeja, ta kasa mambobinta ta hanya biyu: reshe, gwargwadon inda masana'anta take, da rukuni, gwargwadon abin da take sarrafawa. Manyan rukunan 10 ne, kowanne da ƙananan sassa a ƙarƙashinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar reshe a matsayin komai. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke Kano zai riƙa halartar taron reshe, ya manta da rukuninsa. Reshe na da amfani kan matsalar gida, kamar wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO, hanya, da harajin jiha da na ƙaramar hukuma. Amma kuɗin fito na kwastam, ko ƙa'idar hukumomin kula da ingancin kaya, wato SON da NAFDAC, sun shafi duk masu sana'a iri ɗaya ne ko'ina suke, don haka ta rukuni ya kamata koke ya bi.

Sai zaɓen rukuni da ka. A duba kayan da ke fita ƙofar masana'anta, ba wanda ke shiga ba. Mai ruwan leda yana rukunin abinci da abin sha, komai yawan ledar da yake ci. Mai yi masa ledar kuwa yana rukunin roba. Katifar soso ma can take, ba wajen masu kayan katako ba, ko da yake a shago ɗaya ake sayar da gado da katifa. Majemar Challawa tana tare da masaƙu da masu takalma. Siminti da gilashi na rukunin ma'adinan da ba ƙarfe ba. Idan kamfani na yin kaya iri biyu, a bayyana duka tun wajen rajista.

Dalilin kula da wannan shi ne, kayan da wani ya gama shi ne ɗanyen kayan wani. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS kan kayan da ake shigowa da su daga waje yana da matakai 5: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Mai saƙa buhu na son a tsawwala fito kan buhun waje, mai casar shinkafa na son buhu ya yi araha. Wanda ya zauna a rukunin da ba nasa ba, sai a wayi gari ya mara wa abin da zai cuce shi baya.

Wajen taron rukuni kuma, a daina tura wakilin da bai san lissafin masana'anta ba. A tura manajan da ya san lambar kwastam ta kowane kaya, da dizal nawa ake ƙonawa a wata, da kashi nawa na ƙarfin injina ke aiki.