Yadda Ake Raba Aikin Umarni Masu Gata Tsakanin Kanel da Filin Mai Amfani a KVM na s390

Ɗalibin ilimin kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zai iya kammala karatunsa bai taɓa ganin menfirem da idonsa ba, wato babbar kwamfutar nan ta IBM da manyan bankunan duniya suke dogara da ita. Amma manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo a kanta, wato KVM, a buɗe take a cikin Linux, a jakar arch/s390/kvm, kuma laftof ɗin da aka saya na hannu ya isa mutum ya karanta ta. A kan waɗannan injuna aka fara sana'ar kwamfutocin kwaikwayo, tun daga tsarin CP-67 a shekarun 1960 zuwa VM/370 a 1972. KVM ya shiga Linux a 2007, ɓangarensa na s390, wato na menfirem, ya biyo baya a 2008.

Tsarin da ke gudana a cikin kwamfutar kwaikwayo shi ne baƙo, wanda ya sauke shi kuwa mai masauki. Mai masaukin kashi biyu ne: akwai KVM a cikin kanel, wato zuciyar Linux mai cikakken iko a kan inji, akwai kuma QEMU, wanda shiri ne kamar kowane shiri, yana zaune a filin mai amfani, wato wajen kanel, inda shirye-shirye marasa gata suke gudana. Idan baƙo ya ba da umarni mai gata, irin wanda tsarin aiki kaɗai ke da izinin bayarwa, sai an yanke shawarar wanda zai amsa masa a cikin biyun nan.

Ka fara da sanin hanyar da umarnin yake iso maka. QEMU yana kiran KVM_RUN, kanel kuma ya ba da umarnin SIE, wanda ke miƙa baƙo ga inji, daga nan inji ya ci gaba da gudanar da baƙo da kansa, har da yawancin umarninsa masu gata, ba tare da ya waiwayi mai masauki ba. Sai ya ci karo da abin da ba zai iya kammalawa ba, ko wanda aka ce masa ya tare, sannan ya dawo, ya bar bayani a cikin allon SIE, inda ake ajiye halin baƙon. Lamba 4 a gurbin icptcode tana nufin umarni aka tare. Gurbin ipa yana ɗauke da baiti biyu na farkon umarnin, ipb kuma huɗun da ke biye. Idan ka ga B233 a ipa, baƙo yana son tayar da aiki a wata na'ura da SSCH. Idan ya fara da AE, SIGP ne, saƙon da injunan baƙo, wato CPU ɗinsa, ke aika wa juna. Idan 83 ne, DIAGNOSE, wanda baƙo ke kiran mai masauki da shi. A fayil ɗin intercept.c ake wannan rarrabewa, mafi yawan masu amsawa kuma suna priv.c.

Kafin ka taɓa komai, duba ko wanda ya ba da umarnin yana da gatan. Baƙon ma yana da nasa kanel da nasa ƙananan shirye-shirye, kuma ɗigo (bit) na 15 a cikin PSW, kalmar da ke riƙe da halin da injin baƙo yake ciki, shi ke nuna wanda ke magana. Idan a kunne yake, ƙaramin shiri ne ya yi shisshigi, saboda haka ba a aiwatar da komai: ana cusa wa baƙo katsewar shiri mai lamba 2, wato sanarwar cewa an ba da umarni mai gata ba da izini ba, kanel ɗinsa ya hukunta nasa. Kada ka ɗauka inji ya riga ya duba maka. Wanda ya manta wannan layi guda ya ba kowane shiri a cikin baƙo makullin ɗakin maigidansa.

Sai babbar shawara. Idan baƙo ya nemi ruwa, daga randar da ke kusa ake ɗebo masa. Idan rago ya nema, dole a aika kasuwa. Abin tambaya na farko ke nan: a ina bayanin da umarnin ke buƙata yake zaune? Adireshin da umarnin SPX ke saitawa, STPX kuma ke karantawa, yana cikin allon SIE, a hannun kanel, don haka aika su waje ɓata lokaci ne. Amma faifai da katin sadarwa da sauran na'urorin kwaikwayo QEMU ne ya ƙera su, shi ya san halinsu, shi ya sa umarnin na'urori irin su SSCH da MSCH da STSCH suke fita wurinsa, haka ma SERVC da baƙo ke magana da na'urar hidima ta hanyarsa. Abu na biyu shi ne yawan zuwan umarnin, domin fita zuwa QEMU da dawowa ya fi tsada nesa ba kusa ba. A nawa ganin, duk umarnin da bayaninsa ba ya hannun kanel, kuma ba a auna an ga yana yawan zuwa ba, filin mai amfani ne wurinsa. Dalili kuwa, kuskure a QEMU galibi baƙo ɗaya yake kayarwa, kuskure a kanel kuwa yana iya rushe gidan da dukan baƙin da ke cikinsa, kuma adireshi da lambobin da ake sarrafawa daga hannun baƙo suka fito, wanda ba a san zuciyarsa ba.

SIGP shi ya fi nuna yadda ake wannan awo, domin umarni ɗaya ne mai saƙonni iri-iri da injunan baƙo ke aika wa juna. Idan QEMU ya kunna KVM_CAP_S390_USER_SIGP, kanel yana riƙe masu saurin kawai, irin su tambayar halin da wani inji yake ciki, da kiran waje, da siginar gaggawa, waɗanda Linux mai injuna da yawa ke aikawa ba dare ba rana. Masu nauyi kuwa, kamar tsayar da inji, da sake tayar da shi, da ajiye halinsa, suna tafiya QEMU, domin ba kullum suke zuwa ba, kuma suna buƙatar a daidaita zaren aiki fiye da ɗaya, abin da ya fi sauƙi da aminci a waje.

Wani lokaci kuma raba aikin ake yi biyu. Layin katsewar da ke jiran baƙo yana kanel, saboda haka TPI, umarnin da ke duba ko akwai katsewar na'ura mai jira, a can yake ƙarewa. TSCH kuwa, mai tambayar halin na'ura, yana buƙatar ɓangarorin biyu: kanel ya cire katsewar na'urar daga layi, sannan ya fita da KVM_EXIT_S390_TSCH, QEMU ya cike bayanin na'urar. Haka ma DIAGNOSE 500, wanda baƙo ke sanar da na'urorin kwaikwayo na virtio da shi cewa akwai aiki a layi: kanel yana iya taɓa ƙararrawar ioeventfd ya mayar da baƙo bakin aiki nan take, ba tare da an fita zuwa QEMU ba.

Miƙa umarni ga QEMU ba shi da wuya. Mai amsawa ya dawo da -EOPNOTSUPP, kanel ya fita da KVM_EXIT_S390_SIEIC ɗauke da icptcode da ipa da ipb. Sai dai idan kana sauya inda ake amsa wani umarni, ka ɗaura sauyin a kan wata alamar KVM_CAP da QEMU zai kunna da kansa, domin tsohon QEMU, wanda bai san sabuwar fitar ba, zai tsayar da baƙo. Ka tuna kuma cewa duk bayanin da ka ajiye a kanel sai ka buɗe masa hanyar karantawa da rubutawa, in ba haka ba zai ɓace ranar da aka yi ƙaura da baƙo zuwa wani inji.

Ko a ina aka amsa, sai an kammala kamar yadda littafin ƙa'idojin z/Architecture, wato tsarin injin menfirem, ya tsara. Ka saita lambar sakamako, daga 0 zuwa 3, a cikin PSW. Ka lura cewa PSW ya riga ya wuce umarnin da aka tare, don haka idan so kake a sake gwada shi, sai ka mayar da shi baya da tsawon umarnin, baiti 2 ko 4 ko 6. Adireshin da baƙo ya bayar kuma kada ka bi shi kai tsaye, domin akwai teburin fassarar baƙo, da sauyin kilobait 8 na farkon ma'adana da kowane inji ke da nasa, da makullan kariya. A kanel akwai read_guest da write_guest, QEMU kuma yana da KVM_S390_MEM_OP, kuma idan suka dawo da lambar katsewar shiri, baƙo ake cusa wa ita.

Daga nan sai awo. A kan inji na gaske, kvm_stat zai nuna maka sau nawa kowane umarni ya fita da sau nawa aka kai ga QEMU, kuma da waɗannan lambobi ake kare hujjar shigar da aiki cikin kanel. Wanda ke Yamai ba shi da injin zai iya gudanar da gwaje-gwajen s390x na kvm-unit-tests a kan qemu-system-s390x, ya rubuta gwajin da zai ba da umarnin daga ƙaramin shiri, ya duba ko katsewa mai lamba 2 ta iso.