Yadda gajeren ɗan wasa ke kaiwa tushen farko a besbol ba tare da ya buga ƙwallo ba

A besbol, duk jifan da aka yi, alƙali yana auna shi da wani akwati da ido ba ya gani a saman farantin gida, wato alamar da ke ƙasa inda mai bugu yake tsayawa. Faɗinsa inci 17 ne, wajen santimita 43, ba ya canzawa. Tsayinsa kuwa jikin mai bugu ne ke yanke shi: daga ƙasan ƙoƙon gwiwa zuwa tsakiyar tazarar kafaɗa da bakin wando, don haka akwatin gajere ƙarami ne, da wuya a saita shi. Jifa uku a ciki ba ka buga ba, ka fita. Jifa huɗu a waje ba ka kai musu sanda ba, ka taka zuwa tushen farko, wato zangon farko da mai bugu ke gudu zuwa gare shi, a kyauta.

Wanda ya nuna wa duniya ƙarshen wannan dabara shi ne Eddie Gaedel, mai tsawon santimita 109. Ranar 19 ga Agusta 1951, mai ƙungiyar St. Louis Browns, Bill Veeck, ya sa shi ya yi bugu a karawa da Detroit Tigers, sanye da riga mai lamba 1/8. Mai jifan Detroit, Bob Cain, ya yi jifa huɗu, dukkansu suka wuce sama, duk da mai cafka Bob Swift ya durƙusa a gwiwa don ya rage masa saiti. Gaedel ya tafi tushen farko, abokin wasansa Jim Delsing ya karɓe shi a gudu.

Ga gajeren da ke son yin haka, abu na farko shi ne tsayuwa. Buɗe ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗa, lanƙwasa gwiwa, sunkuyo kaɗan daga ƙugu. Kada ka wuce gona da iri. Alƙali yana auna akwatin ne da tsayuwar da kake ciki lokacin da ka shirya kai bugu, don haka duƙawar da za ka miƙe daga cikinta da zarar ƙwallo ta taso ba ta ƙara maka komai.

Sai haƙuri, kuma a nan galibi ake faɗuwa. Tsakanin mai jifa da faranti mita 18.44 ne kacal, ƙwallo tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ka zuba ido kan hannunsa daidai inda yake sakinta. Ƙwallon da ta nufo kafaɗa tana da daɗin gani ga gajere, amma idan ka kai mata sanda ka kuskure, an lissafa ta jifan ciki, ka yi wa abokin gaba aikinsa. In an yi jifa uku a waje babu ko ɗaya a ciki, bar na huɗu ya wuce. In kuma an ci ka jifa biyu a ciki, ajiye maganar jira, riƙe sandar ka ɗan matso sama, ka kare faranti, domin ƙwallon da ka tura gefe ba ta fitar da kai sai an cafke ta kafin ta taɓa ƙasa.

Mai horarwa kuma ya tanadi takarda. Alƙali Ed Hurley bai bar Gaedel ya tsaya ba sai da mai horar da Browns, Zack Taylor, ya nuna masa kwantiragin da aka sa wa hannu. Bayan wasan, wanda Detroit ta ci 6 da 2, shugaban gasar Will Harridge ya soke kwantiragin, aka kuma wajabta cewa hukuma ta amince da takardar ɗan wasa kafin ya shiga fili.