Yadda za ka fara tara wuƙaƙen aljihu a Jidda

Ɗan'uwa, in kana son ka fara tara wuƙar aljihu mai naɗewa, kar ka yi ta kwasar kowace iri a kasuwa, zaɓi kamfani ɗaya ka riƙe shi tukuna. Ni dai Opinel ta Faransa nake bi, tun 1890 suke ƙerawa, kuma lamba-lamba ce, ka fara da lamba 8 mai bakin santimita 8.5, ta isa yanka lemo da fere dabino. Abokaina masu tara wuƙar Victorinox ta Suwizalan, wadda ake haɗa wasu da almakashi, kullum sai sun ce wai tawa ba almakashi, to ni aski zan yi?

Duba bakin kafin ka biya. In an rubuta Carbone tana kaifi sosai amma tsatsa take yi, ga damshin Jidda wallahi kwana biyu za ka ga ja-ja a jikinta, sai ka goge ta ka shafa ɗan mai. In kuma an rubuta Inox, ba ta wannan tsatsar. Ƙotar katako ce, in ta sha ruwa tana kumbura ta ƙi buɗuwa, buga ƙarshen ƙotar a tebur bakin zai fito.

Kar ka shiga Harami da ita, in kuma tafiya gida ce sa ta a babban akwati ba jakar hannu ba.