Ga masu hawa jirgin ƙasan Kaduna daga Kubwa

Salam 'yan uwa. In kana zaune a Kubwa, Dutsen Alhaji ko Bwari, ba sai ka wahalar da kanka zuwa Idu, babbar tashar Abuja, ba, jirgin Kaduna yana tsayawa a tashar Kubwa. Amma fa tsayuwar 'yan mintuna ce, ba ya jiran kowa. Ka sayi tikitinka ta intanet tun da wuri, ka riƙe katin shaidarka a hannu don za a duba a ƙofa. Ka haddace lambar taragonka, ka tsaya daidai inda zai tsaya, kada ka yi ta gudu da jaka a ka, yara na binka a baya. Mai tsoho ko mara lafiya ya riga kowa isa. Kafin ku kai Rigasa, wato tashar Kaduna, kuma, ka kira mai ɗaukarka.