Ciwon gwiwar tsofaffi: motsa ƙafar da muke yi wa Hajiya a gida

Mu nan Makka da wuya ka shiga gidan Bahaushe, daga Shara Mansur har Misfala, ba ka tarar da tsohuwa ko tsoho mai fama da gwiwa ba, abin nan da Larabawa ke cewa khushuna, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya cinye. Mu kuskuren da muka yi da Hajiyarmu wai tausayi, ruwa a miƙo mata, abinci har kan katifa, ta yunƙura a ce "Hajiya yi zamanki", ashe cutarta muke, naman cinya ya saki gwiwa ba mai riƙe ta, har ranar da ta zame a hammam, wato banɗaki, wajen alwalar asuba. Allah ya tsare ba karaya, amma daga nan likitan gashin ƙashi ya nuna mana motsa jikin da za mu riƙa yi mata a gida.

Babba a cikinsu shi ne tashi-zauna. Ku samo kujera mai ƙwari wadda ba ta da taya, ku jingina ta da bango, ban da kanaba, wato kujerar kushin mai lotsawa. Ta matso bakin kujerar, ƙafafu su ɗan koma baya, ta sunkuyo gaba sannan ta miƙe, wajen zama kuma a hankali, kar ta faɗa jagwab, don sauka a hankalin nan shi ke gina cinya. Hajiya da uku ta fara tana dafa hannun kujera tana mita, yanzu goma take yi. In kujerar ta yi ƙasa ku ɗora matashi mai tauri.

Tana zaune kuma ta miƙar da ƙafa ɗaya sambal, yatsu na kallon sama, ta riƙe daƙiƙa biyar, mu tasbihi biyar muke ƙirgawa ya fi mata daɗi, ta sauke, sau goma kowace ƙafa. Da safe kafin ta sauko daga gado ma tana iya yi a kwance, gwiwa ɗaya a lanƙwashe ɗayar a miƙe tana ɗaga ta kamar taƙi ɗaya.

Sai na hana tangaɗi, wannan dan Allah kar a bar ta ita kaɗai. Ta dafa kantar kicin ta ɗaga duga-dugai ta tsaya kan yatsu, ta buɗa ƙafa gefe ta dawo, sannan ta sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya diddige na taɓa yatsu ta tsaya daƙiƙa goma. Hukumar lafiya ta duniya ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa irin wannan aƙalla kwana uku a mako. Mu mun liƙa shi da sallah, bayan walaha da bayan la'asar, shi ya sa ba a mantawa. Tafiya kuwa da rana ba ta yiwuwa a zafin garin nan, sai dai zagaye cikin shigga, wato cikin gida, ko bayan isha'i, minti biyar a fara. Kar wai don ta samu sauƙi a ce ta yi sa'ayi da ƙafa, Safa da Marwa sau bakwai wajen kilomita uku ne, a tura ta a keke.

Ɗan ciwo lokacin yi ba komai, amma in ya kwana ya wuni bai lafa ba ko gwiwar ta ƙara kumbura an yi yawa, a rage. Tawul mai ɗumi minti 15 kafin a fara yana sakin gwiwa. In ta yi ja ta yi zafi ga zazzaɓi, ko ta faɗi ta kasa taka ƙafar, ko ta bugu a kai, ba maganar gashi, asibiti, lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, neman shawarar likita kuma 937. Su Voltaren da Brufen ɗin nan da ake sha kamar gyaɗa suna taɓa ƙoda da ciki, a tambayi likita tukunna, musamman mai hawan jini.

Sanda ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren, in gwiwar dama ce sanda a hagu, mu wata biyu muna yi a juye. Tsayinta ya tsaya daidai wuyan hannu in an saki hannun. A daraj, wato matakalar bene, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Hammam kuma ku sa ƙarfen dafawa da tabarmar roba da kujerar alwala, fitila ta kwana a kunne, ku kwashe ƙananan darduma daga hanya, silifas ɗin da ya suɗe a jefar.

Rigimar da ta fi ba mu wuya sallah a kan kujera ce, ta ce ita ba ta kai nan ba, sai da ƙanenta ya karanto mata hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi sallah a tsaye in ba ka iya ba a zaune, sannan ta yarda. Yanzu tana kabbara a tsaye, ruku'u da sujada take yi a kujera.