Yadda Unguwa Za Ta Shirya Yara Kafin Su Shiga Aji Ɗaya

Yaro kan shiga firamare yana ɗan shekara 6, amma kunnensa ya fara karatu tun yana goye. Daga shekara 3 zuwa 5 unguwa na iya sa hannu, kuma mu Sakkwatawa mun gaji wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da malamai mata da ake kira jaji, suna komawa ƙauyuka suna koyar da mata da waƙoƙinta. Su ne 'Yan Taru.

Da farko a sami mai unguwa da liman. Sanarwa ɗaya bayan Magariba ta fi zagaya gida ashirin. Sai a nemi zaure ko inuwar dogon yaro, a shimfiɗa tabarma, a ajiye randa. Lokacin kada ya ci karo da makarantar allo, kuma da bazara a tashi kafin rana ta buɗe.

Masu koyarwa biyu sun isa: tsohuwa mai tatsuniya a baki, da budurwar da ta gama sakandare. Yara kada su wuce goma sha biyar.

A fara da tsohuwar. In ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ta kai tsakiyar labarin Gizo, sai ta dakata: "To, jikalle, me Ƙoƙi za ta ce?" A bar yaron ya yi ta inda-inda har ya kai ƙarshe. A ganina wannan ya fi komai, domin wanda ya iya ba da labari a jere ba ya wahala in ya hau littafi.

Daga nan sai ƙirga da ƙwallon goruba ko murafen kwalba. Rubutu kuwa a rairayi, da ɗan yatsa, kowa ya fara da baƙin farko na sunansa. A riƙa jiyar da su bambancin "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari". Don Allah, ban da bulala.

Kuɗin alli da takarda, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa ran Juma'a, a damƙa wa mutum ɗaya amintacce.

Kafin sabuwar shekarar karatu, a rubuta sunayen waɗanda suka cika 6, a kai wa hedimasta na firamare mafi kusa. A kuma tambaye shi ajin share fage, tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da ƙananan yara.