Ba a fafe gora ranar tafiya: kurakuran masu bin tsohuwar hanyar alhazai daga Damagaram

Shekara shida ke nan, duk lokacin ɗari, nake jan ƙaramin ayari da ƙafa daga ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni mu nausa gabas. Yawanci Mirya muke tsayawa, kusan kilomita 18. Idan mutanen masu ƙwari ne mu ƙara kwanaki har Gidimuni, mu ga tafki da dabinai, sannan mu hau mota mu dawo. Masu zuwa iri biyu ne: samari 'yan makaranta da ke son ganin inda kakanninsu suka bi, da dattawan da suka biya kujerar Makka suna son gwada ƙafafunsu kafin a kira jirgi. Fuskoki na canzawa kowace shekara, amma kurakuran ba sa canzawa, ni kuma na gaji da yin faɗa iri ɗaya a gindin bishiya ɗaya.

Kafin jirgin sama, mai niyyar hajji daga nan gabas yake fuskanta. Ya bi ta Gure ya gangara Borno wajen Kukawa, ya kewaye tafkin Chadi, ya ratsa Abeshe a ƙasar Wadai da Fashir a Darfur, ya ƙetare kogin Nilu, har Sawakin a bakin Bahar Maliya inda zai samu jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. A tsaya a yi noma ko ɗinki ko koyarwa, a tara guzuri, a ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na Sudan har gobe. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauka, wanda ya ci gaba da jama'a zuwa gabas bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Na kawo wannan ne saboda wata magana da nake ji kullum daga bakin sababbin zuwa: “Ai kakanninmu ma da ƙafa suka je Makka.” Gaskiya ne. Sai dai kakanka tun yana yaro yake bin jaki zuwa kasuwar ƙauye, tafin ƙafarsa kamar ƙirgi. Kai kuwa daga gida zuwa masallacin Juma'a ma sai ka tsayar da kabu-kabu.

Da takalmi zan fara, don shi ya kusa raba ni da wannan harka tun a shekarar farko.

Ana gobe za mu tashi na shiga Kasuwar Dole na sayi kambas mai tsada, mai tudun dunduniya, wai don a san ni ne jagora. Na gwada a rumfa, na taka sau uku, na ce ya yi. Ba mu yi awa biyu da barin gari ba na fara jin ɗan zafi a bayan dunduniyar dama, kamar an ɗora mini garwashi ƙarami. Da na tsaya a lokacin na cire na liƙa filasta, da magana ta ƙare. Kunya ta hana. Yaya za a yi mai jan mutane ya zama shi ne na farkon zama? Na daure. Da muka isa Mirya na zo cire safa, sai ta fito da fatar dunduniya manne a jikinta. Nan ma ban ɗauki darasi ba. Na wanke da ruwan rijiya, na ɗaure da tsumma, washegari na sake cusa ƙafar cikin kambas ɗin. Kafin azahar ƙafa ta kumbura har idon sawu, ga kaluluwa ta fito a matsematsi, ga zazzaɓi. A bayan amalanken shanu aka fito da ni bakin kwalta, ina kwance kan buhunan gero, yaran da na ɗauko suna biye da ni a ƙasa. Sati uku ban sa takalmi ba, na sha allurai, farcen babban yatsa ya yi baƙi ya fita.

Tun daga ranar na kafa doka: duk wanda ya zo mini da takalmin da bai yi wata guda yana yawo da shi ba, ba zai bi ni ba, ko ɗan wane ne. Ina duba ƙasan takalmin da idona. In na ga zanen taya bai ci ƙasa ba, sai wata shekara. Ka sayi wanda ya ɗan fi ƙafarka, domin ƙafa na kumbura da tafiya, kuma da yamma za ka je saye, ba da safe ba. Safa biyu nake sawa, siririya a ciki, mai kauri a waje, don gogar ta tsaya tsakaninsu ta bar fata. Da dare in wanke ƙafa in shafe ta da man kaɗanya. Sati biyu kafin tafiya kuma ina ƙunsa lalle a tafin ƙafa, dabarar da na koya wajen kakata. Wasu abokaina na dariya, wani ma'aikacin likita ma ya ce mini bai ga amfaninsa ba. Shi ya sani. Ni dai tun da na fara ban sake yin bororo a tafin ƙafa ba. In ka ji wuri ya fara zafi, ka ce a tsaya nan take, kafin ya ɗuri ruwa. Mai ciwon suga kuwa kada ya kuskura ya fasa bororo da kansa, kuma ya duba tsakanin yatsunsa kowane dare, don sau da yawa ba ya jin ciwon sai ya yi nisa.

Maniyyata, ku naku ya fi sauƙi kuma ya fi wuya. Namiji cikin harami ba kambas zai sa ba. To wane amfani ka yi atisaye da kambas a nan, ka je can ka sayi sabon silifas a bakin masauki? Takalmin da za ka yi ɗawafi da jifa da shi, shi za ka taka zuwa Mirya. Safa da Marwa kaɗai, sawu bakwai tsakanin zuwa da dawowa, ya haura kilomita 3, ban da tafiyar Mina zuwa wurin jifa kwana bayan kwana.

Na biyu shi ne rana da ruwa, kuma a nan laifin nawa ya fi na kowa, don ran wani na kusa salwantarwa.

Lokacin wannan tafiya Disamba ne zuwa farkon Fabrairu. Da damina gonaki sun rufe hanya, ba mai yarda ka tattake masa gero. Da bazara kuwa kowa ya san yadda duwatsun Damagaram ke ɗaukar zafi su mayar wa mutum a fuska. Wata shekara wasu dattawa suka matsa mini, wai ba su samu sukuni ba sai Afrilu. Na san zafi na wuce digiri 40 a watan, amma na ji nauyinsu na amsa. Muka yi da su za a tashi da an sallame asuba. Wannan ya tsaya shan shayi, wancan ya koma ɗauko carbi, wani yana jiran ɗansa ya kawo masa salula daga wajen caji. Ba mu bar Birni ba sai takwas saura. Kuskure na biyu a rana ɗaya: na dogara da wani mai mota da na ba jika goma tun jiya, kan zai same mu a rabin hanya da jarkokin ruwa. Saboda shi na ce wa mutane kowa ya riƙe gora ɗaya ta isa. Har yau ɗin nan da nake rubutu motar ba ta iso ba.

Wajen sha ɗaya da rabi na lura wani dattijo, mai shekara sittin da wani abu, ya daina magana. Da can shi ke ba mu labarin yadda wan babansa ya tafi gabas bai dawo ba. Na matsa kusa na ce, “Baba, lafiya dai?” Ya ce, “Lafiya lau, ɗana, mu je.” Amma goshinsa a bushe yake ƙayau, alhali rigunanmu duk sun jiƙe. Can sai ya tambaye ni ko an kira magariba. Kafin in amsa ya sulale. Muka ciccibe shi zuwa gindin wata gawo, muka tuɓe masa babbar riga, sauran ruwan da ke gorunanmu bai fi a wanke hannu ba. Allah ya kawo wata baiwar Allah da ke dawowa daga lambu da tulu a ka. Ba ta tambayi ko mu su wane ne ba, ta sauke tulun ta jiƙa mayafinta ta shimfiɗa masa a ƙirji, ta ce mu yi ta fifita da hulunanmu. Da ya farfaɗo muka samu mai babur ya kai shi likita. Da za ta tafi ta dube ni ta ce, “Malam, kai ne babbansu? To wa ya aike ku?” Ban samu abin cewa ba.

Yanzu shida daidai muke tashi, wanda bai zo ba ya same mu a Mirya da mota, ba na jiran kowa ko da limamin unguwarmu ne. Kafin sha ɗaya mun isa. Kowa lita uku a bayansa, nasa na kansa, ba wanda zai ce ai wane ya riƙe mana. Mu da muka tashi a garin da ake kwana a layin famfo, ban san yadda aka yi muke raina ruwa da mun bar gari ba. Ana kurɓa ne kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba. Gora ɗaya a cikin ukun ina haɗa ta da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In fitsarinka ya yi ja, ko ka wuni ba ka zaga ba, kana cikin matsala ko ba ka jin komai. Wanda ya fara sambatu ko gumi ya ɗauke masa, inuwa, jiƙa jiki, fifita, sai likita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Masu shirin Makka su tuna hajjin 2024, da hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu, ana tsakiyar tsananin zafi.

Sai ku samari. Wallahi wani lokacin kuna ba ni kunya. Mu shigo ƙauyen mutane, ba sallama ba komai, kowa ya zaro salula yana ɗaukar matan aure a bakin rijiya, wai zai sa a Facebook. Gidan ubanka za ka yarda a yi haka? Akwai shekarar da aka hana mu ko zama a inuwar masallaci saboda yaro ɗaya ya ɗauki hoton wata amarya. Sai da na je na durƙusa gaban maigari ina “Allah ya ba ka nasara, yaro ne, a yi haƙuri,” na ajiye goro, sannan aka bar mu muka yi alwala. Duk garin da za mu yada zango, ƙofar maigari ake fara zuwa, a gaisa, a faɗi daga ina zuwa ina. Minti goma ne, amma su ke sa a kawo muku tabarma da fura ba ku roƙa ba. Kuma a irin wannan zaman ne tsofaffi ke buɗe baki. A nan na ji yadda ake sallamar mai tafiya hajji a da, a raba gadonsa yana raye, ya yafe wa kowa kowa ya yafe masa, don ba a sa ran sake ganinsa. Wanda kunnensa ke toshe da waƙa ba zai ji wannan ba, kuma ban san me ya fito nema ba.

Haka masu tsere. Kullum akwai biyu ko uku da za su wuce gaba don a ce sun riga kowa, su ɓace a mararraba, mu ɓata awa guda muna neman su. Tafiyar ayari da ƙafar mafi rauni ake auna ta, shi ya sa nake sa dattawa a gaba, ni a ƙarshe.

Sauran ƙanana ne. Kaya: in jakarka ta wuce kilo shida ko bakwai, ka zube ta ka rage, ba biki za mu ba. Guzuri dabino da ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi sun isa, taliya da miyar gwangwani nauyi ne kawai. Masu ƙiba su shafa man shafawa a cinyoyi tun daga gida, kada su jira sai sun fara tafiya kamar ’yan kaciya. Kada ka sa wando mai gashi-gashi ko ka bar ƙafar wando tana jan ƙasa, ƙarangiya za ta yi maka ado har gwiwa, kuma da yatsa ba a cire ta, da tsinke ko matajin kai ake kakkaɓewa. Da safe ka zazzage takalmi kafin ka sa ƙafa, kunama na son ɗumi. Katin shaida a aljihu, don jandarma ba ruwansa da tarihin da ka fito bi. Masu yin ƙasaru a Mirya kuma su tambayi malamansu: a mazhabarmu ta Malikiyya sai tafiya ta kai wajen kilomita 80.

Akwai kuma masu zuwa da zumuɗi su ce me zai hana mu zarce har bakin tafkin Chadi kamar mutanen da. Tun hare-haren da aka kai Diffa da Bosso a Fabrairun 2015 wannan yanki ya fita daga lissafina, kuma ba na tsayawa muhawara a kai. Iyakata Gidimuni.

In muka daidaita ranar da kyau, Lahadi muke shiga Mirya, ranar kasuwa. A nan ne ake yin kuskuren da har dariya yake ba ni: mutum ya ga tulunan Mirya ya ruɗe, ya sayi babba ya ce tsarabar uwargida, ya manta akwai sauran kwana biyu a gabansa da ƙafa. Bara wani ya ɗauki nasa a ka har bayan gari, ya gaji, ya bar shi a gidan wani manomi da alkawarin zai dawo ɗauka. Da muka bi ta wajen bana na leƙa, tulun na nan a gindin bedi, suna sanyaya ruwa a ciki. Mun sha.